Jinin Gwaggo Ayashe

Talata Mafara

Muna idar da sallar asuba muka bar Talata Mafara, ni da direbanmu Malam Sani, akwatin ƙanƙara a kan cinyata. A ɗakin gwaje-gwaje nake aiki. Mukan karɓi ɗan jinin waɗanda suka yi cuta suka warke, mu ciro irin garkuwar da jikinsu ya haɗa, mu tara, ko a dace da wadda za ta zama magani. Bana waɗanda suka tashi daga mashaƙo muke nema.

Na riga na cika baki a wurin aiki cewa matan Maradun za su bayar, don gwaggona ce ungozomarsu, bara ta yi cutar ta tashi, kuma abin da ta yi shi suke yi. Ban dai gaya wa kowa yadda take tsoron allura ba.

A shingen farko jami'i ya leƙo. "Hajiya, zoɓo ne a akwatin?"

"Ƙanƙara ce zalla, yallaɓai."

"To, a dawo mana da mai sanyi."

Bakura

Da hantsi muka isa. Ina ta kwana-kwana wajen yi wa waɗanda suka warke bayani, wani dattijo a cikinsu ya katse ni.

"Ɗiyata, ashe iri kuka tarawa. Zangarniyar da tat tsira daga hwari, ita muka ajewa."

Ya naɗe hannun riga, saura suka biyo. Aka cika mu da shinkafa da miyar kuka, har Malam Sani ya nemi tabarma. Muka koma Mafara muka kwana.

Maradun

Washegari muka sami Gwaggo Ayashe a tsakar gida, mata sun kewaye ta. Muka gaisa har da tambayar awaki, sannan na faɗi abin da ya kawo ni.

"Jinina? Ke, kiyaye ni!"

Matan suka fara gyara mayafi za su tafi. Kunya ta rufe ni. Amma aikin nan ba a tilasta wa kowa, sai na fara rufe akwati.

"Tsaya. Don mi sai ni?"

"Gwaggo, cutar da ta kayar da yara ta kasa ki. Abin da ya kare ki muke so ya kare su."

Sai ta fashe da dariya har tana share hawaye.

"Duk ɗiyan da innata tah haihwa kahin ni, rasuwa sunka yi. Shi ya sa anka sa mani Ayashe, wai ko mutuwa ta raina ni ta wuce. Yau ga mota an turo nemana!"

Ta miƙo hannu, ta juya fuska bango, ta kwarma salati tun ban ɗauko allurar ba. Matan da suka yi cutar suka jeru suna yi mata tsiya. Daɗi ya kama ni.

Komawa gida

Kafin magariba muka shiga Mafara, ƙanƙara ba ta narke ba. Na gode wa Allah, da Malam Sani, da mutanen Bakura da Maradun. Da za mu rabu a Maradun, Gwaggo ta ce in rubuta sunanta manya-manya a kwalbar jininta. Na ce lamba muke sawa, ba suna ba.

"Ba komi," ta ce. "Sunan ya riga ya gama aikinai."