Furannin Soso da Na Tsinke

A shekarun da suka biyo bayan tafiyar Faransawa, ni ne magatakarda a buron gona, wato ofishin noma, na Tamanrasset, can arewa cikin hamada, kuma rajistar tsirrai tana hannuna. Mai ɗakina ta zo daga Damagaram da baƙaƙen ƴaƴan soso ƙulle a bakin zane. A gidansu ba a yi wa jariri wankan farko da soson kasuwa, sai wanda uwarsa ta shuka da hannunta. Tana da ciki a lokacin, watanni kuwa ba sa jiran kowa.

Na bayyana mata abin da littafi ya ce. Soso ɗan ƙasashen zafi ne, asalinsa wajen Indiya, ya bazu duk inda damina take daɗewa, har ya kai a ƙasarmu yakan hau danga ba tare da an gayyace shi ba. Nan kuwa bisa tudu muke tsakanin duwatsu, inda sanyi yakan daskarar da ruwa a kwano. Ta saurare ni cikin ladabi har na gama, sannan ta shuka shi a gindin katanga, wurin da take zubar da ruwan wanke-wanke.

Ya fito. Ganyensa mai kaushi, mai tsaga kamar tafin hannu, ya rufe katangar, siraran zarurrukansa suna naɗe duk abin da suka taɓa, har igiyar shanya. Da ya fara fure na soma bin sa kowace safiya da alƙalami, sai na gano wata ɓarna da ta tayar mini da hankali. Furannin duk rawaya ne, amma iri biyu ne. Kaɗan suna fitowa ɗai-ɗai, kowanne da ɗan ƙaramin soso a bayansa. Mafi yawa kuwa a cure suke, ba komai bayansu, su buɗe da safe su faɗi da yamma. A garin da ake ɗauko ruwa a ka, ban ga dalilin shayar da marasa aiki ba. Kafin in tafi buro nakan tsinke su tun suna toho. A lekkol, makarantar boko, an koya mana itacen tuffa shafi-shafi, ba wanda ya ga soso ya cancanci darasi.

Ƙananan sosunan suka riƙa yanƙwanewa suna zuba. Mai ɗakina ta zargi iska, daga baya ta zargi bakin maƙwabta. Ni kuma na rubuta cikin rahoton da ake aikawa babban birni cewa a Tamanrasset soso yana fure amma ba ya ƴaƴa, na sa hannu.

Wani dattijo mai lambu a ƙauyen Tahifet, wanda ya yi zaman Agadas har Hausa ta zauna a bakinsa, shi yake kawo mana tumatir. Wata safiya ya tarar da ni da toho cike da hannu.

Ya ce, “Malam, me suka yi maka?”

Na ce, “Baba, ba sa haihuwa.”

Ya ce, “Kai ma ba ka haihuwa, ga shi ana ba ka tuwo. Mazan ne kake kashewa. Ko dabino sai an kai masa namiji.”

Mai ɗakina tana tsaye a ƙofar ɗaki, ta ji komai. Ta ce, “Ashe iskar tana da alƙalami.”

Dattijon ya lalubo wani namiji can bisa katanga inda hannuna bai kai ba, ya goga shi a kan mace ɗaya da ta buɗe a ranar. Ita ce ta kama. Muka zuba mata ido, sanyi yana matsowa, haihuwa tana matsowa. Safiyar da sanyi ya sa ganyen ya yi baƙi, soson bai wuce taƙi ɗaya ba, kuma ɗanye ne. Mai ɗakina ta yanke shi ta rataye kusa da murhu har ya bushe, ta ɓare shi ta kakkaɓe.

Na rubuta takardar gyara na kai wa shugaban buro. Ya karanta, ya ce rahoton ya riga ya sha hatimi, kuma ba za a kunyata buro saboda abin wanka ba. Har yau ina ganin wannan zalunci ne ga gaskiya, ko da yake ni na fara zaluntarta.

Da aka haifi ƴarmu, ungozoma ta juya soson a hannunta, ta ce ba ta taɓa ganin ƙarami irinsa ba, ta tambayi daga ina aka samo. Ina jiyo su daga tsakar gida. Mai ɗakina ta ce, “Nawa ne, Inna. Malam ne ya kula da shi.” Sai na ji an zuba ruwa, yarinyar ta tsala kuka.