Mushe Lawali da Takardar Mai Goro

Shekara shida ina kai Mushe Lawali jami'a a taksina, daga unguwar Kalley mu haye gada, ban taɓa ganin ya zauna lafiya a kujera ba. Ko ya buɗe jaka, ko ya rufe, ko ya duba agogo. Mushe muke ce wa malamin boko a nan; shi Ingilishi yake koyarwa. Ɗan Tawa ne, ubansa tela. Ya yi koyarwa a lakkwal, makarantar yara, shekara goma kafin jami'a ta ɗauke shi, kuma tun ranar da na san shi yake rubuta littafin da zai ba shi digirin dokta.

Binciken nasa a kan tsofaffin fatake ne, waɗanda suka koyo Ingilishi a hanyar Kumasi da Ikko ba tare da sun taka aji ba. Yana son ya ɗauki muryarsu. Da ya soma su bakwai ne. Biyar sun rasu yana shirin tambayoyi, ɗaya ya kurumce. Saura Alhaji Yakuba mai goro, a Babbar Kasuwa, shi ma 'ya'yansa sun yanke za su mayar da shi Maradi ran Juma'a ta sama. In ya tafi, littafin ya tafi.

Ni na kai Mushe wurin Alhaji ran Asabar. Ko gaisuwa bai ƙare ba ya zaro takarda. Ya ce malaman da ke duba aikinsa ba sa karɓar magana sai mai ita ya sa hannu cewa ya yarda. Alhaji ya dubi takardar, ya dube shi.

“Ɗana, shekara arba'in ina aika goro daga Kumasi da kalmar baki. Yau kai ne za ka nemi hannuna?”

Ya juya ya ci gaba da yayyafa wa goronsa ruwa.

A mota Mushe ya yi ta bayani, wai ƙa'ida ce, wai don kare tsohon ne. Na bari ya gaji. Sannan na ce masa takarda a kasuwa ta wanda ba a yarda da shi ba ce, ya zagi dattijo bai sani ba. Ya tambaye ni me zai faɗa ya gyara. Na ce kada ya faɗi komai, ya riga ya faɗi da yawa.

Litinin, bayan ya tashi aji, na sauke shi a kasuwa ba jaka. Ya gaisa, ya tsuguna gefen huhun goro. Alhaji bai kore shi ba, bai kuma kula shi ba. Can ya tura masa kwando da ƙafa. Mushe ya yini yana ware mai sankara daga mai kyau, rabi daidai rabi kuskure. Maƙwabta suna tsokanarsa, wai jami'a ta rasa alli ne? Talata haka, Laraba haka. Kullum in na ɗauko shi yana ƙirga kwanaki da yatsu, ƙafarsa na bugun ƙasan mota har na ce ya tausaya wa ƙarfen.

Alhamis da la'asar na zo ɗaukarsa, na tarar Alhaji ya ɗaga wani goro da Mushe ya jefa cikin masu kyau, yana yi masa faɗa da Ingilishi. Ban ji ko kalma ba, amma na san faɗa. Mushe ya daskare, hannunsa bisa aljihun da wayarsa take, bai fito da ita ba. Alhaji ya lura.

“Fiddo abin naka. Direba, matso. Kai ma Bawa, bar atamfar nan ka zo.”

Bawa mai rumfar gefe ya zo. Alhaji ya faɗi sunansa da na ubansa cikin wayar, ya ce ya yarda a ɗauki maganarsa a koya wa yara, ga shaidu biyu. Ya ce hannu dai ba zai sa ba. Daga nan ya yi magana har aka soma rufe rumfuna: jirgin kwalekwale, 'yan kwastan, matar Kumasi da ta koya masa ciniki. Na rasa fasinjojin yamma duka.

Da muka fito na zaci Mushe zai huta. Ina! Kafin mu fita kasuwa ya soma, wai in malaman can suka ce murya ba hannu ba ce fa? Na taka birki, na ce ya miƙo takardar. Na rubuta sunana a ƙasa a matsayin shaida, na ce gobe Bawa zai sa nasa, wanda bai yarda ba ya zo tashar taksi ya same ni.

Juma'a da safe aka tafi da Alhaji. Mu ne muka ɗora masa kaya a mota. A hanyar gada Mushe na rungume da waya, yana sake sauraron faɗan goron nan, ƙafarsa na bugun ƙasan motata.