Kada Ka Toshe Min Baki

A tasha na ga wata dattijuwa zaune, tabarau a bakin hanci, jakar littattafai rataye a baya. Wani magidanci kurma yana karanta jarida yana mayar mata da hannu, tana gyaɗa kai.

Mai shayi ya miƙo mata kofi.

"Ajiye, ɗana, kada ka toshe min baki," in ji ta, tana kaɗa yatsu.

"Farfesa ce," mai shayin ya raɗa min. "Kurame take koya wa karatu."

Ina jin shekaru ta kwashe ana ce mata wahalar banza take. To, ga kurman nan yana juya shafi, ita kuwa sai kallon jama'a take, ko sun gani.