Makullin da Aka Ɗinke a Jar Fata

Har gobe ban manta da ranar da na bi akuya da gudu da sunan aikin ofis ba. Lokacin ina mataki na bakwai, ni ke kula da kwamfutoci a wani ofishin ma'aikata a Gummi, kaina kuwa rawa yake yi.

Wata Juma'a da damina, Alhaji Mande, shugaban sashenmu, ya ce kwamfutarsa ta yi nauyi. Duk takardun ƙarin girma na ma'aikata suna cikinta, kuma ranar Litinin kwamitin tantancewa zai iso. Ban tambayi kowa komai ba, na goge manhajar da ke tafiyar da ita, na ɗora sabuwa, ina fito.

Ku da kuka zo baya, ku gane. Ma'ajiyar kwamfutar ɗaki biyu ce, ɗaya na manhaja, ɗaya na takardu. Na takardun ban taɓa shi ba. Ashe wanda na gada ya kulle shi, tsohuwar manhajar ce ke buɗe shi da kanta. Sabuwar ta ce ba ta san zancen ba, sai an ba ta makulli, lambobi arba'in da takwas. In babu su, ko wanda ya ƙera ta ba ya buɗewa. Sunana ma yana cikin takardun nan, ga kora tana leƙo ni.

Da Alhaji ya gama wanke ni tas, sai ya tuna wanda na gada ya taɓa buga masa wata takarda mai lambobi, ya ce ya adana. Shi kuwa gara ta taɓa cinye masa takardar makaranta, don haka ya kai wa baduku ya ɗinke wannan cikin jar fata, ya ba mahaifiyarsa ajiya a Bukkuyum.

Asabar da safe muka isa. Muka zazzage adakar Inna, babu. Da ta gane abin da muke nema, sai ta nuna wata baƙar akuya a gindin rumbu. Wai akuyar ta yi ta ɓari, ita kuma ta ɗauka laya ce ɗanta ya karɓo, ta rataya mata.

"Wagga laya ba ta barin wuyanta," in ji Inna. "Tun da na rataya mata, tagwaye sau biyu ta haifa, ɗiyana. Mi kuke so da ita?"

Wallahi na ji daɗin ganin Alhaji, mutumin da tarinsa kawai ke sa ofis shiru, a durƙushe yana magiya. Da ƙyar ta yarda, da sharaɗin a farke a gabanta, a ɗinke, a mayar. Akuyar ce ba a shawarta ba. Sau uku muka zaga rumbun cikin caɓi kafin Alhaji ya cafke ƙafafunta na baya, babbar rigarsa ta koma kalar ƙasa.

Na sa reza na farke a hankali. Takardar tana nan garau, ko danshi bai taɓa ta ba. Na ɗauki hotonta, na kuma kwafe da biro. Inna ta tambaye ni ko malamin da ya rubuta yana raye. Na ce lafiya lau, an dai yi masa canjin wurin aiki zuwa Anka. Ta ce in na gan shi, ya yi wa saniyarta ɗaya.

Da la'asar muka dawo, na shigar da lambobin, takardu suka buɗe. Litinin kwamiti ya yi aikinsa, ba wanda ya ji labari.

Tun ranar ba na goge kwamfutar kowa sai na ga makullinta da idona. Kuma na daina yi wa mutanenmu dariya a kan ajiya. A ofishin nan filas ɗin kwamfuta nawa suka ɓace, fayil nawa ruwa ya ci, amma takardar Alhaji ba ta yi ko ƙwarzane ba. Da na zo barin sashen, a takardar miƙa aiki na rubuta gaskiya: kwafin makulli yana cikin durowa, na asali yana Bukkuyum, a nemi izinin Inna kafin a kama akuyar.