'Yan Matan da Ba Su Ji Kira Ba

A Tarka, lokacin sanyi, da an ci tuwo kakarmu Iya Hajo takan tura kara cikin murhu mu kewaye ta. Ni kullum ina manne da cinyarta. Zanenta ƙamshin hayaƙi da man shanu yake, har yau yana hancina.

Tatsuniya ɗaya ta fi so, har mun gaji da ita. Wai wata tsohuwa ce da 'ya'ya mata rututu, kowace tana barci cikin 'yar ƙwaryarta. Duk sabon wata mai kira yakan zo bakin ƙofa. Kaɗan su farka. Sai ya riƙa rage murya. Wadda ta fi kunne ita ke ci gaba da ji, ta girma, ta fita duniya. Sauran su koma su kwanta, su narke shiru kamar gishiri a miya.

Ran nan na ce, "Iya, wannan ai mugunta ce."

Ta ja mini kunne. "Ke ja'ira, wa ya dake su? Ba su ji ba ne kawai."

Na yi aure, shekaru suka tafi ban haihu ba. Na sha jiƙo, na sha kuka, ina ta laluben laifin da na yi. Da maigidana ya kai ni asibiti a Damagaram, likitar, wata mace mai haƙuri, ta nuna mini hoton cikina. Ta ce ƙwan mace cikin 'yan jakunkuna yake kwana. Kowane wata jiki yana aiko da sinadari, hormon, ya tashe su. A jikin jakunkunan akwai wuraren karɓar saƙon; in sinadarin ya ragu, jakar da ta fi yawan wuraren ta rayu, sauran su mutu, a jikin kowace mace. Nawa jakunkunan ne dai ba sa karɓa sosai.

Na ce, "Kunne ke nan."

Ta yi murmushi. "Kusan haka, Hajiya."

Na ba Innata labari. Ta ce Iya ma ta daɗe tana jira, kuma ita Innata kaɗai ta haifa. Ashe duk maraicen nan Iya kanta take lallashi. Tausayinta ya kama ni, ga shi ba ta duniya balle in rungume ta.

Ina shan magani, ina jira har yanzu. Amma in wata ya wuce ba labari, na daina zagin cikina. Nakan dafa marata in ce, ku kwanta abinku, ba wanda zai dake ku.