Ni Na Sa Hannu A Takardar Da Ta Goge Muryar Babana

A lokacin ina da shekara ashirin da bakwai, na gama karatu a birni na dawo ƙauyenmu da ke gefen Bagwai, kaina a kumbure kamar ni na ƙirƙiro boko. Na samu aiki ta intanet da wani ƙaramin kamfani mai manhajar manoma, irin wadda mutum zai yi wa magana da baki, na'ura ta amsa masa da Hausa. Ba ni nake gina ta ba. Takardun bayani ake turo mini, masu koya wa mutum yadda zai yi amfani da ita, in bi su mataki-mataki kamar baƙon da bai san komai ba, sannan in ce sun isa ko da sauran gyara.

Babana ne farkon wanda na saka wa manhajar a garinmu. Idonsa ya yi rauni, dama kuma bai yi boko ba, don haka da baki yake mata magana. Da farko tambayarta yake kan taki da tsutsar wake, daga baya ya koma musu da ita. In ta ce a jira ruwa ya zauna kafin a yi shuka, sai ya ce shi binne ya gada, tun kafin a haifi wanda ya ƙera ta yake binne gero a busasshiyar ƙasa. Inna kan tsokane shi wai ya samu wadda ba ta gajiya da surutunsa. Damina biyu yana ba ta labarin gonakinmu da irin da kakansa ya bari, yana wannan dariyar tasa mai ƙarewa da tari.

Wata rana aka turo mini takardar wani sabon sashe, na kwashe hirar da mutum ya yi da na'urar a adana ta a fayil, saboda masu canza waya. Turancinta sumul, hotuna a jere, matakai biyar. Sau ɗaya na karanta ina shan koko. Abokiyar aikina da muke dubawa tare ta rubuto cewa takardar ba ta faɗi abin da ke shiga fayil ɗin ba, ba ta kuma faɗi makomar asalin hirar ba, mu gwada da hannunmu tukuna. Na ce mata tsirfa ce kawai, waɗanda suka gina abin ai sun fi mu sani. Gaskiyar magana, sauri nake in kama motar kasuwar Dawanau. Ni ne gaba da ita, na sa hannu, takarda ta fita.

Bayan kaka Baba ya kwanta, kwana shida Allah ya karɓi abinsa. Da aka zo rabon gado wayar ta faɗa rabon yayana, shi kuma zai koma kudu wajen aikinsa da ita. Inna ba ta ce uffan kan gona ko rumbu ba. Abu ɗaya ta roƙe ni, in ciro mata maganar Malam, wato Baba, daga ciki ta riƙa ji. Na ce ta kwantar da hankalinta, wannan ai aikina ne. Na buɗe takardar nan na bi ta tiryan-tiryan, bin da ya kamata in yi mata tun farko. Mataki na biyar ya ce a danna wajen kammalawa, na danna.

Fayil ya fito, rubutu zalla, babu murya ko ɗaya. Na koma cikin manhajar, wayam. Nan take na kira ofis. Injiniyan da ya ɗauka ya ce haka aka gina sashen, rubutu kawai yake kwashewa, muryar kuwa ana goge ta har a wajensu da zarar an kammala, don kare sirrin mutane. Sai ya tambaye ni, da mamaki ba da faɗa ba, ko ba a rubuta haka a takardar ba, kuma wa ya duba ta. Na kashe wayar, na zagaya bayan rumbu na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Na gwada karanta wa Inna rubutun. Ban yi nisa ba ta ɗaga mini hannu, ta ce in bari, kalmomin nasa ne amma ba shi ba ne. Ta ce haka Allah ya so, dama na'ura ba ta da amana. Na bar na'ura ta ɗauki laifina.

An gyara takardar, layi biyu aka ƙara, ni na rubuta su. Da na ba ta minti goma a wancan karon, da su na rubuta tun lokacin. Don haka nake roƙon duk wanda aka ba amanar duba irin wannan takarda, kada kyan Turanci ya ruɗe shi. Ya bi ta da hannunsa, ya tambayi me ake ɗauka, me ake bari, me ba ya dawowa. Wanda kuma zai bi ta, ya fara gwadawa da abin da ba zai yi masa ciwo ba in ya ɓata. Ni dai har yau ban iya gaya wa Inna ba. Tana sa mini albarka wai na yi iya ƙoƙarina, ni kuma in sunkuyar da kai in ce amin.