Wayar da Manaja Ya Cire

Shekara goma sha tara Baba Filaya yana jan wayar kwamfuta a ofishin kamfanin sufuri, kuma bai taɓa bambance kore da ruwan lemo ba. Haka aka haife shi. Sunan ya samo shi ne daga filayar matse kan waya da ba ta barin aljihunsa, har ɗaurin aure da ita yake zuwa.

A cikin kowace waya akwai silli takwas, an murɗe su bibbiyu, kowane biyu da launinsu. Murɗin ba ɗaya ba ne, wani ya fi wani tsauri. Duk sanda aka kawo sabon kwalin waya, sai ya yanki taki ɗaya ya kai gida. Matarsa ta feɗe shi a kan faranti ta ce, "Wannan ne koren, malam makaho." Ya shafa murɗin da babban yatsa sau uku, shi ke nan ya zauna masa.

Asirin ya tonu ne da kamfani ya sa aka yi wa ma'aikata gwajin ido. Bayan kwana biyu sabon Manaja ya kira shi. A kan tebur ga takardar mayar da shi sito, wajen ƙirga tayoyi, ga kuma wata waya ruwan toka da Baba ya gane tun daga bakin ƙofa.

"Baba, ba cin fuska ba ne," in ji Manaja. Ya haɗa bakunan wayar biyu ya ɗaga. "Dubi nan. Au, yi haƙuri. Wannan bakin ya fara da ruwan lemo, wancan da kore. Kuskure ƙiri-ƙiri. Na cire ta da safe, na sa sabuwa ta kanti."

"Daga ina ka ciro ta, ranka ya daɗe?"

"Ɗakin tikiti."

"To, ɗakin tikiti suna aiki?"

Manaja ya gyara zama. "Akwai 'yar matsala. Na kira masu gyara."

"Ba zan sa hannu ba," Baba ya ce, ya tura takardar da yatsa ɗaya. "Idona ne ba ya ganin kore. Kaina lafiya lau yake. Taso mu je."

A ɗakin tikiti layi ya kai bakin titi. Mai sayar da tikiti, wadda kowa ke kira Anti, tana rubuta sunayen fasinjoji da biro tana tsaki. A ƙarƙashin teburinta akwai tsohon hob, akwatin da ke haɗa kwamfutoci huɗu na ɗakin. Daga shi waya ke shiga suwic, babban akwatin da ke jikin bango, wanda ya haɗa ɗakin da sauran ginin. Fitilar ramin da sabuwar wayar ke ciki a mace take.

Baba ya durƙusa, gwiwarsa ta yi ƙara.

"Kwamfuta da akwati, miƙaƙƙiyar waya ake sa musu, baki biyu iri ɗaya," ya ce. "Amma waɗannan akwati ne da akwati, kuma tsofaffi ne, ba irin na yanzu masu juya kansu ba. Ta silli ɗaya suke magana, ta silli ɗaya suke saurare. Ka sa musu miƙaƙƙiya, ka haɗa baki da baki, kunne da kunne. Wa zai ji wani? Dole a gicciya, bakin wannan ya faɗa kunnen wancan. Ni na gicciya ta da hannuna, da gangan, shekara bakwai ke nan."

"Shekara bakwai ko tari ba ta yi ba," Anti ta ce ba tare da ta ɗago ba. "Sai yau da aka zo yi mata magani."

Wani direba ya ƙyalƙyale da dariya ta taga.

Manaja ya miƙo tsohuwar wayar. Baba bai karɓa ba.

"Wanda ya cire, shi zai mayar," ya ce.

Sannan Manaja ya tattare wandonsa, ya durƙusa cikin ƙura da ɓawon gyaɗa, ya zare ta kantin, ya soka ta Baba. Fitila ta kama ƙyaftawa.

"Anti, wane launi ne?" Baba ya tambaya da ƙarfi, yadda na layi za su ji.

"Kore shar, Baba."

"Madalla. Ni dai na ga tana ƙyaftawa."

Suna fitowa Manaja ya rage murya. "Ai da ka manna mata alama, da ban taɓa ba."

"Wannan gaskiyarka ce," in ji Baba. "Zan manna. Takardar fa?"

"Bar ta tukuna."

"Ba tukuna ba. Ko a yaga, ko a kore ni da filayata. Taya dai ba zan ƙirga ba."

Manaja bai yaga a gabansa ba. Amma da azahar mai shara ta ga gutsattsarinta a kwando, ta kuma gaya wa kowa.

Da yamma Baba ya isa gida da guntun waya daga sabon kwali. Matarsa ta jawo faranti.

"Tunda duniya ta sani, har yanzu sai na duba maka?"

"Duniya ta sani," ya ce, "amma ba ta san wanne ne koren ba. Feɗe."